Ranar da Kawu Tanko Ya Zauna a Ƙofar Biro

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin haihuwata, na rubuta na lakwal, wato makarantar boko, na yi tsalle na rubuta yadda na auri mahaifiyarku, duk don kada in iso nan. Jiya 'yar'uwarku Hadiza ta zo daga Kegue da yaranta, ina kwance a ɗaki ina jinta a tsakar gida tana ba su labarin kakanta Malam Habu, har ta kai inda kowa yake kaiwa: wai ranar da ya rasu jam'iyya ta kwashe ma'aikata a manyan motoci zuwa rawar tarbar baƙi, shi ya sa ban samu jana'izar ubana ba. Ta faɗe shi tsaf yadda aka faɗa mata, har da tsakin da ake ja a ƙarshe. To, ƙarya ce. Ba a kwashe kowa ba a ranar. Ina zaune a kan kujerata tun safe har yamma, kuma an zo kirana, na ga mai kiran da idona. Na gaji da jin jikokina suna tausaya mini a kan abin da ban cancanta ba, don haka ku karanta wannan, ku gyara labarin tun ina da rai.

A shekarar muna tsohon Zongo ne, na cikin garin Lome, kafin a tashe mu, inda in ka hau keke daga ƙofar gidanmu kafin rigarka ta jiƙe ka isa bakin teku. Na gama lakwal da takardar buga tafireta, na yi yawon neman aiki har takalmina ya je wurin mai gyara sau biyu, sannan wani kamfani mai fito wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa ya ɗauke ni gwaji na wata shida. Ba zan kama sunansa ba. Ya mutu tuntuni, kuma ba shi ya yi mini laifi ba. A Zongo kuwa ba wanda ya ji kalmar gwaji. Abin da aka ji kawai shi ne ɗan liman ya zama akawu, yana da tebur nasa na kansa a biro, wato ofis, yana sa nakatai kamar Bature. Tsofaffin da jiya suke aikena sayen goro suka fara ɗaga mini hannu tun daga nesa, ni kuma kaina ya fara girma, ba zan ɓoye muku ba.

Da sun ga teburin da sun rage ɗaga hannun. Babban ɗaki ne guda aka yanka shi gida takwas da katako, kowane akawu da gidansa, katakon bai kai rufi ba, in ka miƙe tsaye kana ganin ƙeyar maƙwabcinka. Abokan aiki suna ce masa bokis, ni a raina akurki nake ce masa, don in na buɗe gwiwoyin hannuna sai na taɓa bango dama da hagu. Ba ƙofa, ba labule. Tebur ne, da kujera, da tafireta, da ƙusa ɗaya ta rataye riga. Duk tarin da ka yi an ji, duk abin da ka ci an shaƙa. Nawa ne na ƙarshe a jere, kuma shi kaɗai yake da taga, irin mai gilasai falle-falle masu duhu da ake ɗagawa da ɗan ƙarfe a gefe. Tagar tana kallon ƙofar shiga da bencin falanto, wato mai gadin ƙofa da kai saƙo. Sauran akawuna suna yi mini hassadar tagar nan, suna cewa sabon shiga ya samu gidan da ya fi na kowa.

Watannin ƙarshe na gwajin suka faɗo a tsakiyar bazara. Ku da kuka tashi a Lome kun san zafin nan na kafin saukar ruwa, wanda ba ya ƙona fata kamar yadda ake faɗin na arewa, sai dai ya dafa mutum a cikin rigarsa. Rufin kwano ne da sili mara kauri. Fanka ɗaya ce a tsakiyar ɗakin, iskarta tana wucewa ta saman katako ba ta sauko wa kowa, sai ƙarar banza. Aikina buga takardun kwastan ne, kofi biyar a haɗe da kabon a tsakani, kuma ɗigon zufa ɗaya in ya faɗo daga haɓarka ya taɓa takardar farko, kabon zai shafe har ta ƙasa, sai ka yage duka ka sake daga farko. Na koyi bugawa da kai a karkace, na koyi ɓoye ɗan tawul a aljihun tebur don darakta ba ya son ganinsa a wuyan mutum. Kafin ƙarfe goma rigar ta manne da baya, kafin sha biyu yatsu sun yi baƙi suna santsi a kan haruffa. Na'urar sanyi ɗaya ce a ginin, tana ɗakin darakta. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofarsa sai wani ɗan sanyi ya silalo ya taɓa bokis na farko, na wata mai bugawa da muke kira Da Afi, mu na ƙarshe sai labari. Mukan ƙirƙiri takardar da ke son sa hannu don mu shiga, mu tsaya muna gyara ta a hankali kamar ba mu iya juya shafi ba.

Zafin na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina mutanena ne. Mutumin Zongo a lokacin bai san akwai wurin da ake neman izini kafin a shiga ba, in dai nasa yana ciki. Kuma ga shi kusan ba wanda ke karanta Faransanci a cikin manya. Duk wanda aka aiko wa takarda daga hukuma, duk mai son rubuta koke, duk wanda zai cike takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sai a ce masa ya tafi wurin ɗan Malam. In falanto ya tare su, magana ɗaya suke yi: Malam ne ya aiko ni. Su shigo da manyan riguna su cika mini akurki, ɗaya a tsaye ɗaya a bakin tebur, kuma ba mai fara maganar takarda sai an gama gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya zafi, yaya jikin Malam, yaya Mma, a koma a sake ina gajiya. Ba su iya yin ta a hankali ba. Ina jin tafiretocin bokis bakwai suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. In baƙin sun fita sai maƙwabcina Fo Komi ya leƙo ta saman katako ya maƙe murya.

"Lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau. Salifou, yau mutum nawa suka warke a asibitinka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ina yi tare da su ba don ina so ba. Ranar da abin ya kai ƙarshe, Alhaji Bawa mahauci ne ya zo mini godiya a kan wata takarda, ya kawo ƙafar saniya naɗe a takardar siminti, ya ajiye ta ƙarƙashin teburina da ƙarfe tara na safe, a wannan zafin. Kafin sha ɗaya ƙudajen unguwar duka sun yi sallama. Darakta ya fito da hankici a hanci yana bin bokis ɗaya-ɗaya har ya iso nawa. Mutumin Lome ne da ya yi karatu a Faransa, ba mugu ba ne, amma ba ya maimaita magana. Ya kira ni ɗakinsa, ya bar ni a tsaye. Ko sanyin ban ji ba ranar.

"Salifou, hannunka yana da kyau, ba ka kuskure. Amma nan ba Zongo ba ne. Saura wata guda in sa hannu a takardarka, ko in ƙi sawa. In na sake ganin babbar riga ɗaya a cikin ɗakin can, ka bi ta ku fita tare. C'est clair?"

Na ce a bayyane yake. Na fito kai tsaye wurin falanto, wani tsohon soja da kowa ke kira Kofur, mutumin arewa mai jin Hausar bariki. Har yau ina jin muryata yadda na yi masa magana, kamar ni ne mai kamfanin.

"Daga yau duk wanda ya zo da babbar riga ko hula yana nemana, ka ce ba na nan. In ya bar saƙo ka riƙe shi sai an tashi aiki."

"Ko ya ce babanka ne ya aiko shi?"

"Duk haka suke cewa."

Kofur ya dube ni ɗan lokaci, ya ƙame kamar yadda ya saba, ya ce an gama. Soja ne. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

A gida kuwa Baba yana kwance tun farkon zafin. Ƙirji ne, ga ƙafafu suna kumbura. Na yi, ƙanena Isa ya yi, a kai shi asibitin da ke kan tudun Tokoin, ya ce shi ba ya hawa tudun nan da ransa. Yau ya tashi ya ja sallar asuba a masallacin ƙofar gida, gobe ya kasa ko zama, har muka saba da ciwon kamar wani baƙo da ya ƙi tafiya. Da rana akan shimfiɗa masa buzu a rumfar tsakar gida, Mma tana gefe da mafici tana yi masa fifita har hannunta ya gaji ta canza ɗayan. Labarin Kofur bai yi kwana uku ba ya isa rumfar nan, don waɗanda aka kora ba gidajensu suke wucewa ba, wurin liman suke kawo ƙara cikin gaisuwar mara lafiya. Wata yamma na dawo ina kwance nakatai, Baba ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Kai yaron nan, na ji an sa soja a ƙofarka."

"Baba, aikin mutane ne. Za su kore ni. Kowa ya kwaso takardarsa sai wurina, kamar ni kaɗai na yi lakwal a Zongo."

"Ban ce ka yi wasa da aikinka ba. Ni na kai ka lakwal ɗin, ana zagina. Amma mutumin da ya tako cikin ranar nan, ko ba za ka buga masa komai ba, ka fito ka ce masa sannu. Minti nawa ne?"

"Ba ku san yadda wurin yake ba."

Haka na ce masa, ba ku sani ba, da muryar wanda ya sani. Mma ta ajiye mafici ta ce, "Malam, ƙyale akawu ya ci abinci, ya kwaso gajiya." Ni kuwa ban janye umarnin ba. A raina na ce saura mako uku, in aka sa hannu sai in sassauta, in bi kowa gida in ba shi haƙuri. Na ɗauka haƙurin mutane da ciwon Baba duk za su jira ni.

Cikin masu yawan zuwa biro, ba wanda ya kai Kawu Tanko, yayan Mma. Mai goro ne, dogo, siriri, mai taurin kai, kuma yana da wata rigima da hukumar kasuwa a kan rumfarsa. Koke ɗaya na buga masa sau uku, kowane zuwa sai ya ce an manta wata magana. Tun da aka sa dokar ƙofa bai zo ba, bai kuma yi mini zancen ba, gaisuwata kawai ya rage amsawa da tsawo.

Ranar da nake ba ku labari, Baba ya tashi da sauƙi. Na same shi zaune ya sha koko rabin kwano, har yana yi wa Isa gyaran karatu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce a dawo lafiya. Na hau keke da zuciya sakayau. A biro na tarar jirgi ya sauka da kaya, takardu sun taru har suna zubowa, 'yan kasuwa suna matsa wa darakta. Shi kuwa ya fito da kansa riƙe da wata 'yar fanka ta tebur da ke ɗakinsa, ya wuce bokis bakwai ya ajiye ta a nawa, ya ce takardun jirgin nan yana son su kafin a tashi, kuma ni ya zaɓa. Fo Komi ya leƙo ya yi fito a hankali. Kowa ya gane ma'anar fankar, ni ma na gane. Na kunna ta, iska ta bugi fuskata, karo na farko a wata biyar na zauna a akurkin nan rigata a bushe. Yatsuna suka yi ta gudu. Na ji kamar na iso.

Wajen ƙarfe goma na ɗaga kai don in huta wuya, sai na hango Kawu Tanko a ƙofa ta tsakanin gilasan taga. Yana magana da Kofur, yana nuna ginin da hannu, Kofur yana girgiza kai. Na ga wata takarda a hannunsa. Na ce a raina, koke na huɗu, kuma yau ɗin nan. Suka yi ta ja, sannan Kawu ya zauna a benci. Ya kamata in lura ba hula a kansa, mutumin da ko bakin rijiya ba ya zuwa kai sake. Na lura, gaskiya, amma na ƙi in tsaya a kan abin. Can ya ɗago kai ya dubi tagata. Ya san ta, ya sha zama a bayanta. Na sa hannu na danna ƙarfen, gilasan suka rufe.

Ba wanda ya tilasta ni. Darakta yana ɗakinsa ƙofa a rufe, daga teburina zuwa bencin nan taku ashirin ne. Da na fita na dawo ba wanda zai sani sai Fo Komi. Na ci gaba da bugawa. Bayan wani lokaci na ɗan ɗaga gilashi ɗaya da yatsa, yana nan, inuwa ta bar bencin, yana cikin rana tsaf, ya sunkuya yana rubuta wani abu a kan gwiwarsa. Na sake rufewa. Da na ƙara leƙawa wajen sha ɗaya da rabi bencin ba kowa, sai na yi ajiyar zuciya, Allah ya gafarta mini, ajiyar zuciya na yi. Da aka tashi hutun rana kowa ya watse, ni ban fita ba, don ina tsoron kada in same shi a kwanar titi yana jirana. Da Afi ta bar mini burodi da sardin, na ci, na yi azahar a ɗakin ajiya, na kifa kai a tebur gaban fanka na yi barci mai daɗi. Da aka dawo na ci gaba. Ƙarfe biyar da rabi na kai wa darakta takardun a jere ba kuskure ko ɗaya, ya duba, ya ce très bien, wato ya yi kyau, ya ce fankar ta zama tawa.

Ina fito da keke Kofur ya ƙame ya miƙo mini takarda. Ya ce wani tsoho ya bari tun safe, ya ce masa babana ba lafiya, shi kuma ya amsa masa da abin da na koya masa. Ba koke ba ne. Bayan wata tsohuwar takardar goro ce, da rubutun ajami na Kawu, wanda Kofur ko ya so ba zai iya karantawa ba. Layi ɗaya ne.

"Malam ya kira sunanka. Ka zo yanzu."

Ku 'yan yanzu sai na yi muku bayani. Ni ɗan fari ne, kuma a wurin iyayenmu kunya ce uba ko uwa su kama sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana Salisu, wanda a biro suke cewa Salifou, daga bakin Baba ba, sai kai yaron nan, ko wancan, ko ya aiki wani ya kira ni. Mutum irinsa in ya ajiye wannan kunyar a gaban jama'a, ya san abin da ya gani. Kawu bai rubuta mutuwa ba don ba a ambata ta ga mai rai, amma ya rubuta abin da duk ɗan Zongo zai gane. Ban san yadda na tuƙa keken ba.

Tun daga bakin layinmu na ga tabarmi a titi. Maza zaune jere-jere, ƙafafunsu da yashin maƙabarta. A wannan zafin ba a ajiye gawa, kuma Baba da kansa ya sha faɗa a kan masu jinkirta ta don jiran wani. Ya cika kafin azahar, aka yi masa wanka, aka sallace shi, kafin la'asar an rufe. Isa da Kawu ne suka shiga ramin. Na jefar da keke ina jiran idanun mutane su cinye ni, sai na ga ana matsa mini wuri, ana riƙe hannuna. Alhaji Bawa ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da murya, don a zamanin ba a irin wannan magana da ƙarfi.

"Sannu akawu, sai yanzu suka sake ku? Mutum ubansa na mutuwa a tsayar da shi titi yana tafi da rawa. Allah ya isa. Yi haƙuri, ba laifinka ba ne."

Ba wanda ya yi mamaki, don abu ne da aka saba. Ana zaune a rufe biro, a loda ma'aikata a kai su hanyar filin jirgi, animasiyo ake ce masa, a wuni ana waƙa ana jiran baƙon da ba a san sa'ar saukarsa ba. Ni kaina an kai ni sau da yawa. Wa zai bincika ko an yi a ranar? Kafin in buɗe baki Kawu Tanko ya taso ya kama wuyan hannuna, ya ja ni bayan masallaci wurin alwala, inda ba kowa. Bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Na gan ka. Na ga hannunka lokacin da ka rufe tagar."

"Kawu, na ɗauka takardar rumfa ce."

"Na san abin da ka ɗauka. Ba don kai na yi ƙaryar nan ba, kada ka gode mini. Da na koma yana da rai, idonsa a ƙofa. Ya ce, Tanko, ina Salisu? Me zan ce wa mutumin da ke kan hanya? In ce ɗanka ya gan ni ya rufe taga? Na ce masa an kwashe ku animasiyo, biro a kulle. A gaban uwarka na faɗa, a gaban mutane, ba ta janyuwa."

"Da ya cika me ya sa ba a sake aikowa ba?"

"A aika ina? Kowa ya san kana titi cikin dubban mutane. Ni kaɗai na san inda kake, ni kuma na yi fushi, ban koma ba. Wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah. Sauran naka ne. Wanke fuskarka ka shiga wurin uwarka."

Abin da ya biyo baya gajere ne. Bayan mako biyu darakta ya sa hannu. Na yi shekara ashirin da shida a akurkin nan, da shi na ciyar da ku, ban kuma taɓa jin daɗin bazara ɗaya a cikinsa ba. Na janye dokar ƙofa, amma mutanen Zongo sun riga sun samu wani akawun. Kawu ya mutu bai faɗa wa kowa ba. Mma ta rayu bayan Baba shekaru masu yawa, duk sa'ad da ta ji gangar animasiyo daga nesa sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuma ina kallo ina shiru. Sau da yawa na shirya maganar a bakina in je in faɗa mata, sai in ce bari ta ɗan ƙara ƙarfi, har ta tafi. Tsoro ne kawai, kada ku nema mini wani suna. Kuma damar da ta fi kowace sauƙi a wannan yammar aka ba ni ita.

Na shiga cikin gida ana kiran magariba. Mata cike da tsakar gida, buzun Baba a naɗe jingine da bangon rumfa. Mma tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin mayafi. Na durƙusa a gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta jawo wani ɗan tulu da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu aka ajiye a inuwa, ta tsiyaya ruwa a moɗar Baba, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malam ya ce a ajiye maka. Da Yaya Tanko ya gaya masa inda aka kai ku, sai ya ce, a wannan ranar? Ya ce a sanyaya maka ruwa, kana can tsaye tun safe ba inuwa. Ita ce maganarsa ta ƙarshe kafin kalmar shahada. Tun ɗazu nake jiƙa buhun kada ya huce."

Na dubi moɗar. Rigata a bushe take, ko ɗigon zufar wuni babu a jikinta sai ta hanyar da na tuƙo. Maganar tana bakina, kalma biyar ce ko shida. Na karɓa na kafa kai. Ruwan yana da sanyi har haƙorana suka amsa, na shanye shi duka tana kallona.

Ta karɓi moɗar ta ce, "Sannu da rana."

Na ce, "Yauwa, Mma."